Gida Na Sha Huɗu

Ranar da Lukuman ya fara ganin Kubra, tsintsiya ce a hannunta, kuma ba ta cikin halin ganin kowa.

Wata Laraba ce da la'asar, cikin daminar 1978. Ya tsaya a ƙofar gidan Alhaji Haladu mai katako a unguwar Gangare cikin Jos, ya rungume tarin takardu a ƙirji yana kare su daga yayyafi, ya yi sallama har sau uku. Wadda ta leƙo daga zauren doguwa ce, wankan tarwaɗa, ta ci ɗamara da mayafi. A gabanta ga tulin ɓawon gyaɗa da tuƙar rake.

"Ba a kunna ba tukuna," ta ce. "Sai biyar. Benci kuma duk da masu shi, sai dai ka zo da tabarmarka."

"Ni ba kallo na zo ba."

"Haka kowa yake cewa."

Ya gyara tsayuwa ya yi mata bayani. Shi ɗalibi ne a jami'a, shekarar ƙarshe, ɗan unguwar Nasarawa Gwom. Bincike yake yi a kan yadda talabijin yake canza zaman mutane tun da ya shigo gari. Gidaje talatin zai bi, kowane gida a cika masa fom mako-mako.

"Na hango eriya a saman gidanku," ya ce.

"Kowa ya hango. Ai abin da ya ja mana ke nan."

Ya zaro biro daga aljihu. "Mutum nawa ne ke kallo a gidan?"

"Rubuta hamsin da bakwai. Ranar kokawa, saba'in."

"Mutanen gida nake nufi."

"Mutanen gida bakwai ne, kuma mu ba ma samun wurin zama."

Lukuman ya ɗago ya dube ta sosai, sai ya manta tambaya ta biyu. Ita kuwa ta share ɓawon gyaɗar ta kan takalminsa, ba ta ko ce ya matsa ba.

Gaskiyar Kubra ce. Wata biyar ke nan da Alhaji Haladu ya sayo talabijin mai kala, na farko a duk lungun. Da fari a falo aka ajiye shi. Kwana uku falon ya gaza, aka fito da shi rumfar tsakar gida, Alhaji ya sa yaransa na kasuwar Katako suka buga bencina shida. Mutum ne mai kunya da son jama'a, ba zai iya buɗe baki ya ce wa maƙwabci koma gida ba. In ma ana son gaskiya, abin daɗi yake masa. Da biyar ta yi zai hau kujerarsa a gaba, yana fassara wa mutane labarai, har waɗanda aka karanta da Hausa. Shara da wanke kofuna da neman takalman da suka ɓata kuwa, waɗannan na Kubra ne da mahaifiyarta Inna Tabawa, bayan Kubra ta yini tana fama da yaran aji uku a firamaren da take koyarwa.

Da Alhaji ya dawo daga kasuwa, ya saurari baƙon da fara'a.

"Kubra ce mai boko, ita za ta riƙa cika maka," ya ce. "Amma yaro, sirrin gida fa? Ba na son in ji zancen gidana a waje."

"Alhaji, ba a ambaton sunan kowa. Lamba kawai muke sawa. Ku ne gida na sha huɗu."

"Alkawari?"

"Alkawari, Alhaji."

Fom ɗin ba wani abu ba ne. Wane shiri aka kalla, ƙarfe nawa, mutum nawa. A can ƙasa akwai ɗan fili da aka rubuta "Ƙarin bayani". Laraba ta zagayo, Lukuman ya karɓi na gida na sha huɗu, ya tsaya a bakin lungu ya karanta.

"Ƙarin bayani: Litinin, Madam Ulonma mai kanti ta yi kuka don an harbe wani Bature a fim, ta share hanci da labulenmu. Talata, an tafi da silifas ɗin Inna, ƙafar hagu kaɗai. Laraba, yara sun gwada faɗan da suka gani a akwatin, sun fasa randa. In tasiri kake nema, yana nan a ƙofar madafi, gida biyu."

Ya yi dariya shi kaɗai har mai tallar ƙosai ta kauce masa. A bayan sabon fom ɗin da ya bar mata ya rubuta:

"Zuwa ga Gida na Sha Huɗu. Gidaje ashirin da tara 'babu' suke rubuta min a wannan fili. Don Allah kada ki daina. Ina jajen randa."

Amsa ta zo mako na gaba.

"Malam Fom, filin ya yi min kaɗan, takaicin ya fi shi girma. Ka ƙaro takarda."

Ya ƙaro. Daga nan fom ɗin gida na sha huɗu ya riƙa dawowa da shafi biyu, uku, an maƙale da allura. Lukuman ya fara zuwa ƙarfe huɗu maimakon huɗu da rabi, wai don ya duba ko an cika daidai. Sannan ya ƙara ranar Asabar, wai don tabbatarwa. Binciken nan dai ya sha tabbatarwa a gida ɗaya, sauran ashirin da tara ko oho.

"Sha-huɗu," ya ce mata wata Asabar a zaure, "kin san da naki nake farawa?"

"Kuma da nawa kake ƙarewa. Na ga yadda takardar take dawowa duk ta yamutse."

"To ya zan yi? Ke ce ba kya barin mutum ya yi barci."

"A'a, Malam Fom. Kai mai nazari ne, ni kuma lamba ce. Lamba ba ta hana barci."

"Wannan tana hanawa."

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Ganin haka ya yi masa daɗi ƙwarai.

Ba shi kaɗai ne mai sintiri a gidan ba. Akwai Isa mai gyaran rediyo, wanda ya kafa eriyar. Saurayi ne mai tsafta da babur sabo, Alhaji yana ji da shi, don in hoto ya fara rawa shi ne mai hawa kwano ya juya ƙarfen har fuskar mai karanta labarai ta tsaya. Isa ya daɗe da shigar da maganar neman Kubra ta wurin Alhaji. Kubra ta sanya shi a ƙarin bayani:

"Abin lura: eriyarmu ba ta lalacewa sai ranar da na yi kitso. A bincika."

Lukuman ya bincika, ya kwana biyu yana kumbura. Kishi ya sa shi hanzari. Ya faɗa wa kawunsa, aka tsayar da magana manya za su je gaban Alhaji neman aure ranar Lahadin ƙarshen wata.

Amma kafin nan, a mako na bakwai, Kubra ta rubuta abin da babu wasa a ƙarshensa.

"Ƙarin bayani: Kafin a fara labarai Baba yakan shiga ɗaki ya canza hula. In mai karantawa ya yi sallama, Baba ne ke fara amsawa, har da 'barka da zuwa'. Ya san sunansa, ya san rigunansa guda nawa.

"Da can, bayan magariba a tabarma yake zama, mu ci tuwo tare, yana ba mu labarin yadda kakanmu ya tako da ƙafa daga Kazaure ya zo haƙar kuza. Kullum kaɗan yake ba mu, don mu matsu. Ranar da aka kawo akwatin nan, Kaka ya iso bakin wani kogi da ya yi ambaliya. Yau wata shida da rabi yana tsaye a wurin. Kullum Baba yana gida, kuma kewarsa nake yi."

Lukuman ya karanta ya sake karantawa. Zuciyar mai so ta motsa, wannan ba laifi. Sai dai zuciyar mai bincike ma ta motsa, ita ce kuma ta jawo masifar. Ya kai wa malaminsa, malamin ya buga tebur ya ce wannan shi ne ran binciken duka. Aka yi dace an gayyaci malamin wani shirin tattaunawa da Hausa a gidan talabijin, kan yadda akwatin yake shafar iyali. Ya ce Lukuman ya biyo shi, ya zo da misalai.

Yanzu mutum mai hankali zai tsaya ya tambayi mai takarda. Lukuman bai tambaya ba. A ganinsa karramawa zai yi mata, duk Filato ta ji irin kan da Allah Ya ba wadda yake so. Ai ba zai faɗi suna ba, haka aka koya musu a aji. Ya aika mata da 'yar takarda:

"Sha-huɗu, Juma'a ƙarfe shida ki samu wurin zama ko da faɗa ne. Zan ba ki mamaki. Naki, Malam Fom."

Mamaki kam ya bayar.

Labari ya zaga lungu cewa yaron nan mai fom zai fito a akwatin. Ranar Juma'a gidan ya cika fiye da ranar kokawa, har kan katanga. Alhaji ya shiga ɗaki ya fito da sabuwar hula zanna, ya hau kujerarsa. Isa ya jingina da ginshiƙin rumfa. Kubra ta tsaya a ƙofar madafi kusa da Inna. Da fuskar Lukuman ta fito, cikin kwat ɗin aro da ya fi shi faɗi, yara suka kaure da ihu.

"Yaronmu ne," Alhaji ya sanar da jama'a. "A zauren nan yake zama."

Aka yi 'yan bayanai. Sannan Lukuman ya gyara murya ya ɗaga takarda. Kubra ta hango allurar da ke maƙale a kusurwarta, ta gane tata ce.

"Ba zan ambaci suna ba," ya ce. "Mu kira shi gida na sha huɗu. Gidan wani bawan Allah ne mai sana'ar katako, a wata unguwa a nan cikin gari."

Kawuna sama da saba'in suka juya suka dubi Alhaji, suka koma kan akwatin.

Ya karanta na randa. Uwar yaran da suka fasa ta ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya karanta na silifas, wani daga baya ya ce wallahi ba shi ba ne, alhali babu wanda ya tambaye shi. Ya karanta na labule, Madam Ulonma ta miƙe tsaye da hannu a ka, tana kiran Allah da Ibo.

"Chineke! Ni ne wannan! Alhaji, gidanka ne a telebishin! Ni ne na yi kuka!"

Dariya ta ɓarke. Alhaji ma ya ɗan murmusa, murmushin dole. Sai Lukuman ya juya shafi.

"Kafin a fara labarai Baba yakan shiga ɗaki ya canza hula. In mai karantawa ya yi sallama, Baba ne ke fara amsawa, har da 'barka da zuwa'."

Wannan karon dariyar ba ta fito gaba ɗaya ba. Ta maƙale a maƙogwaro, tana tsiyayowa ta hanci, wanda ya fi muni. Kowa yana ƙoƙarin kada ya kalli sabuwar hular, kowa kuma ita yake kallo. Alhaji Haladu ya tashi a hankali, ya taka zuwa gaban akwatin, ya murɗa maɓallin. Tun da aka kawo shi ba a taɓa kashe shi ana tsakiyar shiri ba.

"An tashi," ya ce.

Ba a taɓa watsewa daga gidan da sauri haka ba. Ranar ko takalmi ɗaya bai ɓata ba.

Washegari aka lulluɓe talabijin da zane, aka jingine bencina a bango. A Katako kuwa abin ya riga Alhaji isa. Abokan sana'a, tsofaffi da gemunsu, in sun hango shi sai su gyara hula su ce, "Barka da zuwa, Alhaji." Mutumin da ya shekara talatin ana ganin girmansa a kasuwa ya koma shiga rumfarsa ta baya.

Ya kira Kubra gaban Inna.

"Ni kika mayar abin dariya," ya ce. Muryarsa ba ta tashi ba, ita kuwa da ya yi ihu ya fi mata sauƙi. "Ba zan yi miki dole a kan kowa ba, ba halina ba ne. Amma yaron nan ya yi min alkawari a zaurena ya karya. A faɗa wa mutanensa kada su wahalar da kansu ranar Lahadi."

"Baba, ba ka ji ƙarshen..."

"Na ji abin da ya ishe ni."

Isa ya zo duba eriyar da babu mai amfani da ita, sau uku a mako guda, da lemo a leda. Kubra ta gaishe shi da ladabi ta bar shi da Inna.

Lukuman, da aka hana shi lungun, ya koma kantin Madam Ulonma da ke bakin titi. Ta yi masa tatas da Hausa da Turanci da Ibo, don yanzu ba ta da wurin kallo, sannan ta karɓi takardarsa ta cusa a cikin ƙullin sukari, ta aika wa Kubra.

"Sha-huɗu, wallahi ban yi da nufi ba. Ban faɗi suna ba, ban faɗi unguwa ba. Na bi duk ƙa'idar da aka koya mana. Ki taimaka ki fahimtar da Alhaji."

Wannan takarda ita ta ƙarasa ƙona ran Kubra. Ta zauna ta ba shi amsa, biro yana huda takarda.

"Malam Fom, gida nawa ne a Jos ke da mai katako, da talabijin mai kala, da fasasshiyar randa, da Madam Ulonma? Shekara uku kana jami'a, ba wanda ya gaya maka cewa a lungunmu ko tari mutum ya yi a ɗaki an san na wane ne? Ka ɓoye sunanmu ga mutanen Bukuru da ba su san mu ba, ka tsiraita mu gaban waɗanda muke gaisawa da su kullum.

"Abin da na rubuta a kan Baba, kai na rubuta wa. Ban taɓa faɗa wa ko Inna ba.

"Ni ma ina da fom, tambaya ɗaya ce a ciki. Ni kake so, ko abin da nake rubutawa? Kada ka amsa da takarda. Na gaji da takardunka."

Kwana huɗu Lukuman yana ɗaki da wasiƙar nan. Ranar farko haushi ya ji, don shi a ganinsa ƙa'ida ta wanke shi. Rana ta biyu ya fara jin kunya. A ta huɗu ya ɗauko kundin bincikensa, wanda saura mako biyu ya miƙa, ya zare babi na huɗu gaba ɗaya, babin da malaminsa ya ce shi ne zai ɗaga shi sama da kowa a ajin. Malamin ya yi faɗa, ya ce abin da ya rage ƙashi ne babu nama, da ƙyar zai tsallake da shi. Lukuman ya ce ya ji ya gani.

Ya haɗa babin da duk fom ɗin gida na sha huɗu, ya nufi Katako da hantsi, lokacin da kasuwa ta cika.

Alhaji yana tsaye ana loda masa falankai a mota. Ƙarar zarto ta ko'ina, garin katako har idon sawu. Lukuman ya cire takalmi ya durƙusa a cikin garin nan, a tsakiyar hanya. Masu zarto suka tsaya. Masu "barka da zuwa" suka matso, don ba a barin irin wannan ya wuce.

"Alhaji, a gaban jama'a na yi maka laifi, shi ya sa na zo gaban jama'a. Ka karɓe ni a gidanka, na yi maka alkawari, na karya. Wautata ce, ba ta Kubra ba. Ita amana ta ba ni."

Alhaji bai dube shi ba. "Ka gama?"

"Ga takardun gidanka duka, har da abin da na rubuta a kansu. Na cire daga aikina, babu sauran kwafi a ko'ina." Ya ajiye a kan wani gungume. "An ce min ka kashe akwatin kafin in kai ƙarshen shafin. Akwai layuka kaɗan da ba ka ji ba."

"Sai ka karanta wa kasuwa, tunda ka saba."

"A'a, Alhaji. Ba nawa ba ne. Tun farko ban da ikon karanta su. Mai su tana gidanka."

Ya tashi ya ɗauki takalminsa a hannu ya tafi, gwiwoyin wandonsa fari fat. Wani dattijo daga cikin masu tsokanar ya yi gyaran murya ya ce, "Gaskiya ni ma ina amsa sallamar nan." Wani ya ce ai wajibi ne, sallama ce. Kafin azahar an gano cewa rabin masu talabijin a Katako suna amsawa, ɗaya ma har hannu yake ɗagawa.

Alhaji ya ajiye takardun a ƙarƙashin buzunsa kwana biyu. Shi ajami ya iya, boko sai lambobi, kuma girman kai ya hana shi ba wani. Inna Tabawa ce ta gaji.

"Alhaji, gidan nan ya zama kamar gidan makoki. Kai ba kallo ba, kai ba magana ba. Ka ba yarinya ta karanta maka, in zagi ne ka ji da kunnenka ka huta."

Bayan magariba ya fito tsakar gida ya miƙa wa Kubra takardun. Ta nemo shafin. Ta wuce maganar hula da sauri, ta fara daga "Da can". Ƙannenta suka matso bakin ƙofa suna saurare. Da ta zo kan Kaka a bakin kogi ta ɗan tsaya, sannan ta karanta layin ƙarshe.

"Kullum Baba yana gida, kuma kewarsa nake yi."

Alhaji ya daɗe yana kallon akwatin da ke lulluɓe da zane. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya shafa kai.

"Wata nawa kika ce?"

"Yanzu bakwai ne da 'yan kwanaki, Baba."

"Tabawa, miƙo tabarma. A kawo tuwon nan waje." Ya zauna, ya tanƙwashe ƙafa, ya dubi 'yarsa da idanu jajaye. "A ina na tsaya?"

"A bakin kogi."

"To. Ruwa ya kai wuya, ga shi kakanku bai iya iyo ba, ga jaki ya ƙi motsi."

Kubra ta zauna kusa da shi tana kuka tana dariya. Ranar bai tsallakar da Kaka ba, don halinsa yana nan. Ya bar shi a tsakiyar ruwa riƙe da wutsiyar jaki, ya ce sai gobe. Da za a tashi ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "Yaron nan mai fom, sakarai ne, amma ya san hanyar dawowa. A ce wa kawunsa Lahadi tana nan."

Lukuman ya tsallake jarrabawa da ƙyar kamar yadda malaminsa ya faɗa, ya samu aikin koyarwa. Ranar da aka ba shi izinin komawa zauren, ya iso hannu rabbana, ba fom ba biro.

"Na zo amsa tambayarki," ya ce.

"Na riga na ji amsar. Duk Katako sun ji." Ta harare shi, amma hararar ba ta da ƙarfi. "Kai dai ba ka iya yin abu a ɓoye ba, ko?"

"Zan koya, Sha-huɗu."

"Za ka koya kam. Ni malama ce."

Bayan babbar salla aka ɗaura aure a ƙofar gidan Alhaji Haladu. Gangare ta cika, mutanen Katako suka zo da sababbin huluna, Madam Ulonma ta yi kuka ta share hanci da nata gyalen. Da za a kai amarya, Alhaji ya kira ango da amarya zaure ya yi musu nasiha, ya sa musu albarka. Sannan ya nuna wani babban kwali da aka ɗaure da igiya a kan kayan ɗaki.

"Wannan gudummawata ce," ya ce wa Lukuman. "Kai ka yi karatu a kansa, kai ya kamata ka zauna da shi."

Kubra ta leƙa ta ƙasan lulluɓi ta gane kwalin. "Baba!"

"Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ku tafi da shi."

Isa ne ya kafa musu eriya a Nasarawa Gwom, ya ce kyautarsa ce ta biki. Ya ɗaure ta a kan gora biyu da aka haɗa, ya ɗaga ta sama yadda ko makaho zai yi kwatance da ita. Allah kaɗai Ya san zuciyarsa.

Kwana uku da tarewa, ƙarfe biyar saura kwata, aka yi sallama. Lukuman ya buɗe ƙofa. Madam Ulonma ce da kujerarta a ka, bayanta sababbin maƙwabta wajen ashirin, kowa da tabarmarsa, wata yarinya da farantin gyaɗa.

Kubra ta fito cikin kwalliya, ta dubi jama'a, ta dubi mijinta. Ta koma bayan ƙofa ta ɗauko tsintsiya ta damƙa masa a hannu.

"In an tashi, ka fara daga ƙarƙashin gado," ta ce. Ta yafa mayafinta.

"Ina za ki?"

"Gangare. Yau Kaka zai isa Jos, ba za a yi ba ni ba."

Lukuman ya dubi tsintsiya, ya dubi mutanen da suka riga suka fara shimfiɗa tabarmi a ɗakinsa. Ya kunna musu akwatin, ya miƙa wa Madam Ulonma makulli, ya jingine tsintsiyar inda zai same ta in ya dawo.

"Sha-huɗu, jira ni!" ya ce, ya bi matarsa da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.